IDAN ƊA YA KAI KAFAƊAR UBANSA

(Matanin laccar da aka gabatar ga iyaye maza da mata a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Sharaɗa, cikin birnin Kano.)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), wanda Ya ba mu 'ya'ya amana, Ya kuma sanya su jarrabawa a gare mu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Kafin mu ce komai, wajibi ne mu nemi afuwa. A cikin wannan zama akwai dattawan da suka halarci sunanmu, akwai iyaye mata da suka goya mu, akwai waɗanda suka aurar da 'ya'ya har suka ga jikoki, alhali mu babban ɗanmu ko firamare bai gama ba. Abu biyu ne suka ba mu ƙarfin halin tsayawa a gabanku. Na farko, mu 'ya'yan wannan unguwa ne, 'ya'yan ma'aikatan kamfani, mun ga abin da ya faru a gidajenmu da idanunmu. Na biyu, Allah Ya ƙaddara mana riƙe alli a makarantar Islamiyya, don haka kullum muna tare da 'ya'yanku.

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajista ya san abin da za mu faɗa. Aji ɗaya da aji biyu, tabarma ba ta isa, yara har bakin ƙofa. Amma da zarar an haura aji biyar zuwa shida, sai layin maza ya fara raguwa. Yaron da ya haddace izu biyu yana ɗan shekara 10, sai ka neme shi yana ɗan shekara 14 ka rasa. Ka je gida neman ba'asi, mahaifinsa ya ce maka: "Malam, yaron nan ya fi ƙarfina." Wannan kalma ita ce ta tara mu a yau. Mun iya tarbiyyar ƙaramin yaro wanda tsawa ɗaya take isarsa. Inda muke tuntuɓe shi ne ranar da ɗan ya kai kafaɗarmu, muryarsa ta buɗe, ya fara taɓa kuɗin kansa. Abin da muke son tabbatarwa da yardar Allah shi ne: tarbiyya tana girma tare da yaro, kuma uban da ya tsaya a inda yake ɗansa yana ci gaba da girma, to lalle wata rana za su rabu a hanya.

YADDA MUKA ZO NAN

Ba za mu fahimci gidajenmu ba sai mun fahimci unguwarmu. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, tun ƙarshen zamanin Turawa. Da arzikin man fetur ya buɗe a shekarun 1970, masana'antu suka yawaita, Sharaɗa ta bunƙasa kashi-kashi, haka nan Challawa da ke ƙaramar hukumar Kumbotso. Aka kafa masaƙu, da kamfanonin jima, da na roba, da na man gyaɗa, da na alawa da biskit, da na tasa da kwano. Iyayenmu suka baro ƙauyuka, wasu daga Bichi, wasu daga Rano, wasu daga Haɗeja da Katsina, wasu har daga Maraɗi da Damagaram, suka kama haya a kewayen waɗannan kamfanoni.

Waɗanda suka ga wancan lokaci za su tuna jiniyar canjin aiki, da ayarin kekuna da ke cika titi da asuba da kuma la'asar. Gida yana tafiya ne bisa wannan jiniya. An san lokacin da maigida zai fita, an san lokacin da zai dawo, an san ranar albashi. Yaro yana tasowa ya ga hanya a shimfiɗe: ya yi allo, ya yi boko gwargwadon hali, idan ya kawo ƙarfi mahaifinsa ya kai shi wurin fomansa a ɗauke shi aiki.

Sai abubuwa suka juya. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu da aka sani da SAP, aka karya darajar Naira. Nairar da a farkon shekarun 1980 ta fi Dalar Amurka daraja, sai ta kama gangara, har a 2024 Dala ɗaya ta haura Naira 1,500. Kayan gyaran injuna da sinadaran da ake sayowa daga waje suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kamfani ya koma dogaro da janareta da man gas. Atamfar fasa-ƙwauri ta cika Kantin Kwari, musamman bayan 2005, lokacin da yarjejeniyar duniya da ke ƙayyade cinikin tufafi ta ƙare, kayan Sin suka malalo ko'ina. A Kaduna, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. A nan Kano ma kowa ya san ƙofofin da aka garƙame, da ciyawar da ta tsiro a harabarsu, da gine-ginen da suka koma rumbunan ajiye kaya. Waɗanda suka rage suna aiki, da yawansu sun fi son ɗaukar leburan wucin gadi, wanda ba shi da fansho ba shi da kuɗin sallama.

Da yawa daga cikin waɗanda aka sallama suka hau acaɓa. A watan Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, aka sake komawa neman wata hanya, wasu suka kama A Daidaita Sahu na haya. A watan Mayun 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na masara suka ninka. Wannan shi ne gidan da 'ya'yanmu suke girma a cikinsa.

ABIN DA RUFEWAR KAMFANI TA FALLASA

'Yan uwa, ba mun kawo wannan tarihi ne don mu yi kuka ba. Mun kawo shi ne don ya nuna mana wani aibi da albashi yake rufe mana. Da yawanmu girman da muke da shi a gida a jingine yake da aljihu. Ana jin maganar maigida ne domin shi ke ba da kuɗin cefane, shi ke ɗinka kayan sallah. Da aljihu ya huje, sai girma ya zube tare da shi. Uba ya ga ba ya iya bayarwa, sai kunya ta kama shi. Kunyar nan kuwa ko dai ta koma faɗa da zagi, ko ta koma gudun gida, ya fita tun asuba ba zai dawo ba sai yara sun yi barci. Shi kuma saurayi ya fita ya yi dako, ko ya bi mota, ya samo ɗari biyar ko dubu, sai ya ji a ransa cewa tunda shi ke ciyar da kansa, babu mai ikon tambayarsa inda ya kwana.

Bari mu ba ku labarin gidanmu, domin shi ne muka fi sani. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ma'aikacin wata masaƙa ne. A farkon shekarun 2000 aka ba su takardar sallama. Ya yi makonni yana fita da asuba da kekensa da kwanon abincinsa kamar kullum, ba wanda ya sani sai mahaifiyarmu. Daga baya muka ji cewa yawo yake yi daga wannan ƙofar kamfani zuwa waccan, idan rana ta yi zafi ya shiga masallaci ya zauna har lokacin tashi ya yi. Wata rana bayan sallar isha'i ya kira mu zaure, muna da shekara 14. Ya ce: "Zauna, yau da namiji zan yi magana." Ya faɗa mana cewa aiki ya ƙare. Ya zaro abin da ya rage na kuɗin sallama ya ƙirga a gabanmu. Ya lissafa kuɗin haya, da na abinci, da na makarantar ƙannenmu. Sannan ya tambaye mu: "Me kake gani?"

Ba mu tuna amsar da muka ba shi ba, kuma mun tabbata ba ta da wani amfani. Amma tambayar ta canza mu. Ya sari ragowar yadi a Kantin Kwari ya kafa tebur, ya damƙa mana littafin bashi da sharaɗi guda: sai an tashi daga makaranta, kuma ba za a taɓa karatun magariba ba. Mun yi asarar kuɗi sau biyu saboda wauta, ya sa muka lissafa asarar da hannunmu, bai ɗaga mana murya ba. Mutumin da da yake tsaye a kan injin da ya fi ɗakinmu girma, sai ga shi yana auna yadi a bakin titi, tsofaffin abokan aikinsa suna wucewa suna gaishe shi, yana amsawa da fara'a. Ba mu taɓa jin ya yi wa Allah ƙorafi ba. A wannan tebur muka koyi ma'anar haƙuri, tun kafin mu karanta babinsa a littafi.

SHARI'A TANA LURA DA GIRMAN YARO

Abin da mahaifinmu ya yi bisa fiɗira, shi ne abin da Musulunci ya tsara. Duk wanda ya lura da nassoshi zai ga cewa Shari'a ba ta yi wa ɗan shekara 5 da ɗan shekara 15 mu'amala iri ɗaya.

Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya nuna a fara umartar yaro da sallah yana ɗan shekara 7, a tsananta masa a kanta idan ya kai 10, a kuma raba musu makwanci. Ku lura, shekara uku cur aka bayar na koyarwa da maimaitawa kafin a zo maganar ladabtarwa. Malamai kuma sun ƙayyade cewa ladabtarwar ba mai cutarwa ba ce, kuma ba a taɓa fuska. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo wannan tsari tun a gabatarwar Risala, littafin da kusan kowane zaure a Kano ya karanta. A Suratun Nur, aya ta 58 da ta 59, an umarci yaran da ba su balaga ba su nemi izinin shiga a lokuta uku, idan kuwa sun balaga su nemi izini kamar yadda manya suke yi. Ashe balaga matsayi ne da Alƙur'ani ya ba shi hukuncinsa. A Suratun Nisa'i, aya ta 6, an umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su, idan sun ga shiriya da iya tattali a tare da su, su miƙa musu dukiyarsu. Malaman tafsiri sun bayyana cewa jarrabawar ita ce a ba yaro ɗan wani abu ya juya, a ga yadda zai yi. Hankalin riƙon dukiya ba ya sauka dare ɗaya. Sai an ba yaro dama, ya yi kuskure ƙarami a gaban mai gyara masa.

Ku dubi Annabi Ibrahim (A.S.) a Suratus Saffat, aya ta 102. Da ɗansa ya kai munzalin tafiya aiki tare da shi, kuma umarni mafi nauyi ya zo daga Allah, sai ya sanar da shi, ya kuma nemi jin ra'ayinsa. Badaɗayin Allah ke nan yake shawara da yaro. To mu su wane ne da za mu ce ɗa ba ya da bakin magana a gaban ubansa?

Haka Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da matasan sahabbai. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya gabatar da kansa ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 aka mayar da shi, ranar Handaƙu yana ɗan 15 aka karɓe shi. Zaidu ɗan Sabitu (R.A.) yana matashi aka sa shi ya koyi rubutun Yahudawa, ya zama marubucin Manzo, daga baya kuma shi Sayyidina Abubakar (R.A.) ya ɗora wa tara Alƙur'ani. Usamatu ɗan Zaidu (R.A.) an ba shi tutar rundunar da manyan sahabbai suke cikinta yana saurayi. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi shekara 10 yana hidima a gidan Annabi (S.A.W.), ya kuma ba da shaidar cewa ba a taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Imamu Ahmad ya ruwaito labarin saurayin da ya zo neman a yi masa izinin alfasha, mutane suka yi masa ca, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya matso da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so haka ga mahaifiyarsa, da 'yarsa, da 'yar uwarsa, sannan ya ɗora hannu a kansa ya yi masa addu'a. Mu tambayi kanmu: da ɗanmu ne ya zo mana da abin da bai kai wannan ba, da me za mu tarbe shi? Kuma in ya san da mari za mu tarbe shi, wurin wa zai kai tambayarsa?

Akwai wata hikima da ake jingina wa magabata, ba hadisi ba ce, amma ma'anarta ta dace da abin da ya gabata: shekara bakwai na farko na wasa ne da jawo yaro a jiki, bakwai na biyu na ladabi da koyarwa, bakwai na uku na abota da shawara. Mu kuwa sau da yawa mukan juya abin. Muna barin yaro sakaka yana ƙarami, mu ce ai yaro ne, sai ya kai 16 mu ɗauko dorina. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya bushe kuwa, in ka matsa masa karyewa zai yi. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a shekara ta 808 bayan Hijira, ya ware fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana koya masa ƙarya da yaudara da ɓoye abin da ke ransa saboda tsoron duka. Shi kuma Ibnul Ƙayyim a cikin Tuhfatul Maududi ya ɗora mafi yawan lalacewar 'ya'ya a kan sakacin iyaye. Tsakanin wannan tsanani da wancan sakaci hanyar take.

ABIN DA KE JIRAN SU A WAJE

Kada mu yaudari kanmu, idan gida bai ba saurayi matsayi ba, akwai masu ba shi. Majalisar bakin titi za ta ba shi wurin zama. Daba za ta ba shi laƙabi da kariya. Ɗan siyasa zai ba shi kuɗi da makami lokacin zaɓe. Wayar da ke hannunsa za ta kawo masa malamai da abokai da iyayensa ba su taɓa gani ba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna har da abin da ke faruwa a nan Kano. Doka tana iya rufe kantin magani, amma ba ta iya cike ramin da ke cikin zuciyar yaron da yake ganin ba shi da amfani a gidansu. Mai ƙwacen waya da wuƙa ba daga sama ya faɗo ba. An yanka masa rago, an yi masa huɗuba a kunne kamar kowa.

JURIYA A GIDA AKE KOYONTA

Dukkanmu muna son 'ya'ya masu juriya, waɗanda in sun faɗi jarrabawa ko jari ya karye ba za su fāɗa shaye-shaye ba. To juriya ba ta shiga ta kunne kaɗai, ta ido take shiga. Luƙmanu, a wasiyyarsa ga ɗansa da ke cikin surar da aka sa wa sunansa, ya fara da tauhidi, ya bi da sanin cewa Allah Yana ganin komai ƙanƙantarsa, sannan sallah, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna, da haƙuri a kan abin da zai same shi. Bai yi wa ɗansa alkawarin cewa babu abin da zai same shi ba; ya shirya shi ne domin ranar.

Saboda haka uban da aka sallama daga aiki yana cikin aji ne, 'ya'yansa suna ɗaukar darasi ko ya sani ko bai sani ba. Idan sun ga ya rungumi ƙaramar sana'a bai ji kunya ba, sun koyi cewa mutunci yana cikin halal. Idan sun ga ya zauna yana zagin gwamnati daga safe har yamma yana jiran a buɗe kamfani, shi ma darasi ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya yabi cin gumin hannu, ya ba da misali da Annabi Dawuda (A.S.). Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi sukutum, Tanbihus Sahib, a kan hukunce-hukuncen neman halal. Tawakkali da zaman kashe wando ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba.

Mu ma iyaye muna bukatar girma. Suratul Ahƙaf, aya ta 15, ta ambaci mutumin da ya kai shekara 40 yana roƙon Allah Ya kyautata masa zuriyarsa, yana haɗawa da tuba. Gyaran zuriya da gyaran kai tare suke tafiya. Uba ya koyi riƙe harshensa, ya koyi sauraro, ya koyi cewa ɗansa "na yi kuskure" idan ya zalunce shi. Wannan ba ya rage girma, ƙara shi yake yi. Uban da bai iya karatu ba ya shiga ajin dare. Babu wa'azin da ya kai yaro ya ga furfurar ubansa a gaban allo.

IYAYE MATA DA 'YA'YA MATA

Ya ku iyayenmu mata, mun san cewa da kamfanoni suka rufe, ku kuka riƙe gidaje da ƙosai, da awara, da ɗinki, da adashi. Allah Ya saka muku da Aljanna. Amma muna roƙon abu biyu. Na farko, kada wahala ta sa ku zubar da girman maigida a gaban 'ya'yansa, domin ranar da kuke bukatar ya tsawatar, ba za a ji shi ba. Na biyu, kada ku ɓoye masa laifin saurayi saboda tausayi har sai 'yan sanda sun ƙwanƙwasa ƙofa.

Sai maganar talla. Yarinya 'yar shekara 13 ɗauke da farantin abinci a ƙofar kamfani ko tashar manyan motoci, a tsakiyar maza har bayan magariba, ribar da za ta kawo ba ta kai abin da ake jefawa cikin haɗari ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ciyar da 'ya mace yana kan mahaifinta har ta tare a gidan mijinta. Idan dole sai an sayar, a nemi hanyar da babba zai kai, ko a sayar a ƙofar gida. Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausan suka a cikin Nurul Albabi ga malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru da ya kai ilimi ga matan ƙauyuka. Budurwa ma tana bukatar a ji ra'ayinta, musamman a kan karatunta da aurenta, kuma Shari'a ta yi umarni da neman izininta.

ABIN DA ZA MU FARA DA SHI

Don kada mu tashi da magana kawai, ga abubuwa biyar da ba sa bukatar ko kwabo.

Na ɗaya, kowane uba ya ware zama ɗaya a mako da ɗansa da ya haura shekara 12, su biyu kaɗai, ba don faɗa ba. Mai aikin dare ya yi bayan asuba, mai aikin safe ya yi bayan isha'i. Ya yi tambaya, ya yi shiru ya saurara.

Na biyu, a sanar da saurayi gaskiyar halin gida gwargwadon hankalinsa, a ba shi wani nauyi da aka san nasa ne: cefane, ko kai ƙanne makaranta, ko lissafin kuɗin wuta da ruwa. Idan ya yi kuskure a gyara, kada a ƙwace.

Na uku, a haɗa masa karatu da sana'a, ko walda, ko kafinta, ko ɗinki, ko gyaran waya irin na kasuwar Farm Centre. Uba ya je da ƙafarsa ya ga maigidan da zai damƙa wa ɗansa, ya san sallarsa da halinsa, ya kuma yi sharaɗin lokacin makaranta.

Na huɗu, mu san abokan 'ya'yanmu da sunayensu da gidajensu. A bar su su shigo zaure, a ba su abinci. Wanda ya ci tuwon gidanka yana jin nauyinka.

Na biyar, mu masu makarantu mu gyara namu. Saurayi ɗan shekara 16 ba zai zauna tabarma ɗaya da ɗan shekara 8 ana zane su tare ba. A buɗe musu aji nasu a lokacin da ya dace da masu sana'a, a ba su aikin koyar da ƙanana da hidimar masallaci. Kuma mu dawo da al'adar nan ta ɗa na kowa ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maraya da ɗan bazawara su samu uba a cikin maƙwabta.

KAMMALAWA

Muna sane da cewa a nan akwai wanda ya yi duk wannan, ɗan kuma ya bauɗe. Ɗan uwa, shiriya a hannun Allah take. Annabi Nuhu (A.S.) ya kira ɗansa har ruwa ya raba su, kuma bai fasa kiransa da lafazin tausayi ba. Annabi Yaƙubu (A.S.) ya ga abin da 'ya'yansa suka aikata, ya yi haƙuri shekaru masu yawa, bai kore su ba, har suka dawo suna neman ya roƙa musu gafara. Kada ka yi wa ɗanka baki, domin addu'ar mahaifi karɓaɓɓiya ce. Kada ka kore shi, domin in ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma ka san irin son da duniya take yi. Idan ya kamu da ƙwaya, a kai shi asibiti wurin likitocin ƙwaƙwalwa, a haɗa da addu'a. Ɗaure shi da mari ba magani ba ne. Ka bar ƙofa a buɗe.

Allah (S.W.T.) Ya umarce mu a Suratut Tahrim, aya ta 6, da mu kare kanmu da iyalanmu daga wuta, kuma da kanmu aka fara. Buɗe kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai ba a hannunmu yake ba, ko da yake za mu ci gaba da kira ga hukuma a kan haƙƙin talaka. Amma zaman da za ka yi da ɗanka a daren yau a hannunka yake.

Ya Allah Ka shirya mu, Ka shirya mana zuriyarmu, Ka sanya su sanyin idanunmu. Ka jiƙan iyayenmu da suka rene mu cikin wahala. Ka buɗa wa wanda ya rasa aiki ƙofar halal, Ka dawo da 'ya'yanmu da suka ɓata. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa daga gare mu ne da Shaiɗan, muna neman gafarar Allah.